Katangar da ke tsakanin sashe da sashe a jami'o'inmu

Wani ƙanena da ke aji huɗu a kemistiri ya turo min saƙon murya daren jiya, yace Yaya ni fa binciken ƙwayoyin halitta nake so, amma an ce min in na yi mastas a wani fannin daban ba jami'ar da za ta ɗauke ni koyarwa, wai takarduna ba su jeru layi ɗaya ba. Sau uku na saurari saƙon nan wallahi, don irin maganar da aka faɗa min kenan shekarun baya, ashe har yau ba ta mutu ba.

Ni ma kemistiri na karanta a gida, yanzu ina Jamus ina fosdok, wato aikin binciken da ake yi bayan digirin dokta kafin mutum ya samu kujerar kansa. Bari in gaya muku abin da ke kan teburina. Wani ɗan abu ne kaman roba mai garai-garai, bai wuce kwalin ashana ba, an manna shi kan gilashi, a cikinsa akwai hanyoyi sirara da ba su kai kaurin gashin kai ba. Wata injiniya ce ke haɗa shi. Nawa aikin haɗa rinin da zai kama jikin ƙwayar jini ta riƙa walƙiya in an haska mata leza. Likita ke kawo jinin masu sikila da suka yarda a yi bincike da shi, sai mu tura cikin hanyoyin nan muna rage iskar oksijin a hankali, kana kallon allon kwamfuta zaka ga jajayen ƙwayoyin da ke wucewa sumul sun fara lanƙwashewa kaman lauje, ɗaya ta maƙale, wata ta zo ta jingina da ita, kafin ka ankara hanya ta toshe. Ranar da na fara ganin haka sai da na tashi na fita waje, domin abin da ke faruwa kenan cikin jijiyoyin 'yar yayata duk daren da ciwon ya tashi tana riƙe da ƙafa tana kuka.

Mu huɗu ne a aikin, wanda ya rubuta manhajar ƙirga ƙwayoyin ma fiziks ya karanta. Har yau ba wanda ya taɓa tambayata me ya haɗa ɗan kemistiri da jini.

Kuma ba sabon abu bane. Linus Pauling da ya nuna a 1949 cewa asalin matsalar sikila tana cikin himoglobin ne, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, masanin kemistiri ne, ba likita ba. Stefan Hell na Göttingen fiziks ya karanta, Nobel ta kemistiri aka ba shi a 2014, madubin da ya ƙirƙiro kuma masu nazarin ƙwayoyin halitta ne suka fi cin moriyarsa. Almakashin CRISPR, wato dabarar yanke ƙwayoyin gado a gyara su, da ya sa aka ba Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna Nobel ta kemistiri a 2020 daga nazarin bakteriya ya fito, da shi aka yi Casgevy, maganin sikilar da Ingila da Amurka suka amince da shi ƙarshen 2023, kuɗinsa dala miliyan 2.2 a Amurka. Mu da ake ƙiyasin ana haifa mana jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara a Najeriya, mu ne muke cewa yaro ya tsaya iya sashensa kar ya leƙa na kusa.

Sashe a wurinmu ya zama kaman gonar gado, kowa ya kewaye tasa da ƙaya. Ka shiga a mataimakin lakcara, ka bi tsani daki-daki har farfesa, duk a ɗaki ɗaya, kuma a jami'o'i da dama in takardar bincike ta ɗauki sunaye da yawa makin da za a ba ka wajen ƙarin girma raguwa yake yi, to don Allah wa zai je ya nemo injiniya da likita su raba masa maki? Gara ya rubuta ƙananan takardu biyar shi da ɗalibinsa. Ban ga laifin malaman ba, ma'aunin da aka sa musu kenan.

Lokacin da nake mastas a gida akwai wata na'ura da nake buƙata a sashen da ke kallon namu, taku hamsin bai kai ba, sabuwa fil tana lulluɓe da leda. Aka ce in rubuto takarda ta hannun shugaban sashenmu zuwa nasu. Na rubuta, na yi sati uku ina sintiri, ranar da aka sa hannu mai makullin ya yi tafiya, kafin ya dawo samfurina ya lalace a firij saboda rashin wuta. A nan Jamus kuwa manyan maduban ƙara girman ƙwayoyi suna ɗaki guda na kowa da kowa, ka shiga intanet ka kama awa biyu ko uku, a cire kuɗin daga tallafin bincikenku, kuma akwai mutum mai digirin dokta da aikinsa kawai kula da na'urorin nan da koya wa mutane, ana girmama shi, ba kallon ɗan aike ake masa ba.

Na san za a ce wuta, na san za a ce kuɗi, ban manta da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ba. Ƙwayoyin da ake reno a lab suna son zafi digiri 37 dare da rana, in NEPA ta ɗauke janareta ba dizal aikin wata uku ya tafi. Duk gaskiya ne. Amma ba makulli ga maƙwabci baya cin ko sisi, gyara yadda ake ƙirga maki baya jiran TETFund. Kuma mun ga an yi a gida. Marigayi Farfesa Andrew Nok na ABU Zariya, aikinsa kan ƙwayar cutar sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa ya ratsa tsakanin sinadarai da likitancin dabbobi, har ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009. Ga cibiyar BioRTC a Damaturu da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa, matasa daga jami'o'i daban-daban suna zuwa koyon aiki da madubai na zamani, a Yobe fa.

Sai dai kar ƙannena su ɗauka nan komai zam-zam ne. Abin da ke cin mutane a nan kwantiragi ne. Akwai dokar da Jamus ta yi a 2007 da ta ƙayyade wa'adin aikin kwantiragi a jami'a, shekara shida kafin dokta, shida bayansa, in wa'adin ya cika baka samu kujerar dindindin ba to galibi sai dai ka bar jami'a ko ka samo tallafin da zai biya albashinka, kujerun farfesa kuwa 'yan kaɗan ne. Shi yasa a 2021 dubban masu bincike suka cika Twitter da #IchBinHanna, wato "Ni ce Hanna" da Jamusanci, suna kokawa. Na ga mace mai shekara 41 da 'ya'ya biyu, gwana ce ta gaske, tana kwashe littattafanta a kwali don kwantiraginta ya ƙare. Mu baƙi abin ya fi mana nauyi don izinin zamanmu ma a jikin kwantiragin yake. Ko Katalin Karikó da ta ci Nobel a 2023 kan aikin mRNA, fasahar da aka yi wasu alluran rigakafin korona da ita, ta yi shekaru tana neman tallafi bata samu, sai 2013 ta koma kamfanin BioNTech na Mainz a nan Jamus.

Lakcaran gida da aka tabbatar masa da aiki yana da abin da ni bani da shi, yana iya ɗaukar tambaya ɗaya ya bi ta shekara ashirin ba fargabar kora, farfesa ma sai 70 zai yi ritaya, ga marasa lafiyan da ake binciken dominsu a asibitin koyarwa bayan katanga. Wannan ne ke min ciwo in na tuna, lokaci yana hannunsu, majinyata na kusa da su, abin da ya rage kawai a bar su su haɗa kai.

Na kira ƙanen nawa bayan asuba. Nace ya riƙe kemistirinsa da kyau don shi zai ci da shi ko ina, ya koyi rubuta manhaja ko da a waya ne, sannan ranar Litinin ya je sashen nazarin jini na asibitin koyarwarsu ya gaida malaman da ladabi, ya roƙi a bar shi ya riƙa zama yana kallon yadda ake shafa jini a gilashi. Yace in suka tambaye shi me ya kawo ɗan kemistiri fa? Nace ka ce musu kana son ganin sikila da idonka ne.