Wahala ba alamar raunin bangaskiya ba ce

Wannan magana da wani fasto ya yi, wai wahala mai raunin bangaskiya take samu, ban yarda da ita ba sam. Gobarar kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke Accra, Ghana, a Janairun 2025 ta tambayi wa ke zuwa sujada ne kafin ta ci rumfa? Wata 'yar'uwa a zumuntar matanmu a unguwar Nima da ke Accra, dilolin gwanjon da ta ci bashi ta saro duk suka zama toka, amma ranar Lahadi ita ke jan waƙa, hawaye na zuba. Ita ce marar bangaskiyar? Haka abokan Ayuba suka ɗora masa laifi, Ubangiji kuwa su ya tsawata wa. Baba Fasto, me ya hana ikilisiya ta haɗa wa irinsu jari?