An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ba Ɗan Nepa Ne Ya Ɗauke Wutar Ba

Makon jiya a unguwarmu a Birnin Kebbi na ga abin da har yau yake ci mini rai. Ma'aikatan wuta biyu ne suka zo yanke wayar wasu gidaje da bashi ya taru a kansu. Ƙaramin ya hau falwaya, babban yana ƙasa riƙe da tsani. Kafin ka ce kwabo matasa sun kewaye su, aka ture na ƙasan, aka janye tsanin, aka bar yaron rungume da falwayar siminti cikin zafin azahar. Yana ta cewa, "Baba, don Allah ku sa baki, wallahi aiko mu aka yi." Dattijon da yaron yake roƙo yana kishingiɗe a kan tabarma a ƙofar gida, ko tashi zaune bai yi ba. Cewa ya yi, "Yaro, wanda ya aiko ka ya zo ya sauke ka." Sai da limamin layin ya fito aka mayar da tsanin.

Matasan ba su ba ni mamaki ba. Mutumin da ya kwana uku yana fifita da kwali, zuciyarsa a kusa take. Waɗanda suka ɓata mini rai su ne masu ilimin da suka yi ta yaɗa bidiyon a WhatsApp suna dariya, wai maganinsu ke nan, ai 'yan Nepa duk ɓarayi ne. Cikinsu har da ma'aikatan gwamnati, waɗanda in ka bincika za ka tarar ofishin da suke zama a ciki rabon da a biya kuɗin wutarsa an manta.

Wannan magana ta cewa ɗan Nepa ne matsalar wuta, maganar lalaci ce. Yaron da ke kan falwaya bai da iko da ko megawat ɗaya. Kamfanoni daban ne ke samar da wutar, irin su tashar Kainji da ke aiki tun 1968. Kamfanin dakon wuta na ƙasa, wato TCN, shi ke ɗauko ta a manyan layuka, kamar layin Kainji zuwa Birnin Kebbi. Sai a ƙarshe ta iso hannun kamfanonin rarrabawa 11, kuma mu a Kebbi da Zamfara da Sakkwato da Kaduna, Kaduna Electric ne namu. Abin da ƙasar gaba ɗaya ke rabawa yana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga mutane sama da miliyan 200. Da gobara ta ci tashar TCN ta Birnin Kebbi a Satumbar 2023, ko da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna a 2024 Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu, wane mai tsani ne ya yi? Amma shi ne ya kasa zama a majalisar unguwarsu, shi ake yi wa baƙar magana wurin mai shayi, matarsa ake tambaya a gidan suna, "Wai yaushe mijinki zai kawo mana wuta?"

Har sunan ma abin dariya ne. NEPA ta koma PHCN tun 2005, aka sayar da kamfanonin samar da wuta da na rarraba ta daga 2013, amma sunan ya manne wa ma'aikaci, tare da duk tsanar da aka tara shekara da shekaru. Abin da bai biyo shi ba shi ne kwanciyar hankalin aikin gwamnati na wancan zamanin.

Duk wanda ke da ɗan'uwa a wannan aiki ya san yadda wata ke ƙarewa. Ana ɗora wa ma'aikaci adadin kuɗin da zai tattaro daga unguwannin da ke hannunsa. In bai cika ba, shi ne malalaci a ofis. In ya matsa ya cika, shi ne azzalumi a gari. Takardar bil ɗin da yake miƙawa ba shi ya rubuta ta ba. Kusan rabin masu amfani da wuta a Nijeriya ba su da mita, ƙiyasi ake yi musu, kuma ƙiyasi ba ya rabuwa da rigima: mai ɗaki ɗaya da fanka yana ganin an haɗa masa nauyin maƙwabcinsa mai firiza uku da injin niƙa. Wa zai kama da faɗa? Wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ga kuma hatsarin da ba a lissafawa. Wani maƙwabcina da ya daɗe a aikin layi ya taɓa nuna mini tafin hannunsa na dama, fatar ta tattare kamar ledar da ta ji wuta. An kashe layin kafin ya hau, amma wani mai gida ya tada janareta bai raba shi da wayar waje ba, wutar ta biyo baya ta same shi a sama. Mai gidan ko sannu bai zo yi ba. Maƙwabcin nan nawa ya ce mini, "Malam, kullum in zan fita sai na yi sallama da iyali kamar mai tafiya Makka." Da damina, iska ta kada falwaya a hanyar Jega ko ta Argungu, su ake tasa cikin dare. A Zamfara kuwa, gyaran layin da ya ratsa daji wani abu ne daban, kowa ya san dalili.

Za a ce ai akwai masu karɓar na goro su mayar da wayar da aka yanke. Akwai su, kuma a hukunta su. Sai dai goron nan ba daga sama yake faɗowa ba, mai zagin ne da kansa yake miƙa shi da magariba.

Abin da ya fi ban haushi shi ne yadda muke zaɓar inda za mu nuna jarumta. A Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana, sauran unguwanni kuma suka koma jiran ragowa. Wa ya janye wa NERC tsani? A Janairun shekarar, hukumar ta rushe kwamitin gudanarwar Kaduna Electric saboda bashin da ya kai naira biliyan 110. A Fabrairun 2025 ma'aikatan kamfanin, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta NUEE, suka shiga yajin aiki kan sallamar ɗaruruwan abokan aikinsu, jihohi huɗu suka faɗa duhu. Me muka yi? Zagin ma'aikatan muka yi, wai sun hana mu cajin waya. Ko sau ɗaya ban ji wani a majalisa ya tambayi ina mai iyalin da aka sallama zai sa kansa ba. Sannan da wasu sojojin sama suka afka wa hedikwatar Ikeja Electric a Legas a Maris ɗin 2025 saboda an yanke wa barikinsu wuta, kowa ya yi Allah wadai. To mene ne bambancinsa da abin da aka yi a layinmu, in ban da kaki?

Ba na cewa a bar kamfanoni su sha ƙamshi. A ba kowane gida mita, rigimar bil ta mutu da kanta. Ma'aikatu da barikoki su biya bashinsu kafin a zo kan mai sayar da ƙanƙara. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumar kula da wutarsu, sai gwamnatin Kebbi ta faɗa mana me take yi da wannan dama. Masu unguwanni kuma su ja wa matasa kunne, kafin wata rana wani ya faɗo a tashi da gawa.

Yaron nan dai na sake ganin sa shekaranjiya a layinmu. Fiyus ɗin taransifoma ne ya ƙone, kuma mutanen da suka janye masa tsani su ne suka je har ofis suka ɗauko shi a kan mashin. Wannan karon mutum huɗu ne suka riƙe masa tsanin.