Bakano a Hannun Likita Bazazzage

Bakano ya shigo riƙe da kunci, ya kumbura suntum, sai ƙamshin kanumfari yake. Likitan haƙorin kuwa Bazazzage ne.

Bakano: Likita, kwana uku ban runtsa ba. Tsutsa ce. A tumɓuke haƙorin in koma kasuwa.

Likita: Buɗe baki, Alhaji. Kyauta ne, kada ka ji tsoro.

Bakano: Aaaa.

Likita: Babu tsutsa, ga hoton nan. Rami ne ya ci turminka har ya tarar da jijiyar ciki, ta ruɓe, mugunya ta taru a gindin saiwa. Ba sai an cire ba, yashe shi za mu yi.

Bakano: Yasa? Rijiya ce?

Likita: Kusan haka. Allurar kashe zafi zan yi maka a dasashi, in huda haƙorin ta sama, in sa 'yan siraran ƙarafa in kwashe jijiyar. Hanyoyi uku ne a cikinsa, wani turmin ma huɗu. In wanke su tas, in cike da wani ƙaro mai kama da roba, in liƙe. Zuwa ɗaya ko biyu.

Bakano: Da yasar da cirewar wanne ya fi araha?

Likita: Cirewa.

Bakano: To shi ke nan! Haƙora 32 gare ni, ɗaya ai ko zakka bai kai ba.

Likita: In aka bar giɓi, maƙwabtansa kwantowa suke, na sama ya zazzago. Kai za ka rushe shagonka na Kwari don rufi na yoyo?

Bakano: Subhanallahi! Likita daina mugun baki. A yashe. Amma jijiyar da za ka kwashe tawa ce, a rage kuɗinta.

Likita: Zan ƙulle maka ita a leda, ka kai Kurmi ka gani ko za a taya. Saura hula.

Bakano: Ga ta a kaina, zanna ce.

Likita: Ta haƙorin. In ba a rufa masa ba, ranar da ka ciji goro zai tsage.

Bakano: Akwai ta zinariya, irin haƙorin Makka?

Likita: Akwai, amma can ƙurya yake, ba mai gani.

Bakano: In biya kuɗin zinariya a ɓoye ta? Haba! Yashe na ƙuryar, hular kuma ka sa wa na gaba.