Ai na turo, me ya rage?

Tun jiya da daddare maganar nan take cina. Na so in haɗiye ta, ta ƙi haɗiyuwa. Waɗanda muke zauren WhatsApp na gida da su sun ga abin da aka rubuta, ba sai na kama suna ba, mai abu ya san abinsa. Mutum ya yi Sallah huɗu a jere bai tako garin nan ba, Yaya Babba ta yi masa magana cikin lalama, ita da ta goya shi a bayanta, amma amsar da ya ga ta dace da ita ita ce: "Ai na turo, me ya rage?"

Kai ka rage, ƙanena. Ƙafarka ta rage. Hausawa cewa suka yi zumunta a ƙafa take, kuma sun faɗi haka tun kafin a san akwai wani abu wai shi alat.

Bari in gaya maka abin da kuɗinka ba su gani ba. Ranar jajibere tun da hantsi Inna ta sa aka sauko da kwanuka daga jerenta. Kowane ɗa da tasa langar, haka yake tun muna yara. Taka ita ce mai shuɗin fure, wadda gefen murfinta ya ɗan ɓantare. Da hannunta ta wanke ta, ba ta bar wa jikoki ba. Da aka sauko daga idi ta malmala tuwon shinkafa, ta zuba miyar taushe a wani kwanon, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado inda yara ba za su taɓa ba. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Duk motar da ta ji ta tsaya a bakin titi sai ta aiki ƙaramin yarona ya leƙa. Can ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, wai yau motocin tashar 'Yankaba ta Kano suna lodi kuwa?" Na ce suna yi, Inna. Ba ta ƙara cewa uffan ba. Da magariba ta kawo kai sai ta juye wa wani almajiri tuwon, ta wanke langar, ta mayar da ita mazauninta.

Kuɗin sun zo, ban musa ba. Ni na je wajen mai POS na bakin kasuwa na ciro na kawo mata. Ta sa maka albarka, ta ƙulle su a haɓar zani, sannan ta ɗago ta ce, "To shi yaushe zai zo?" Ka faɗa mini amsar da zan ba ta. In ce mata ai ya turo, me ya rage?

Na san uzurin da za a kawo, wasu ma sun fara kawowa tun jiya. Kuɗin mota. E, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ji a jikinsa, mu da muke kai riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari mun fi ku sanin abin da direba yake karɓa. Amma daga Kano zuwa ƙasar Gumel fa ake magana, tafiyar da ba ta kai awa uku ba. Wanda ya iya zuwa Kaduna ɗaurin auren abokin aikinsa, har da ɗinka anko, har da kwana biyu a otal, kada ya kawo mini zancen kuɗin mota. Aiki? Kowace Sallah gwamnati tana ba da hutu. Yara ba su saba da zafin ƙauye ba, ga sauro, babu wuta? A zafin nan aka haife ka, a tabarmar tsakar gidan nan ka yi rarrafe, ruwan randar nan ka sha har ka girma ka zama mai turo kuɗi.

Wani kuma ya ce ai yara sun fi son kallon hawa a birni. Hawan Daushe abin kallo ne, haka Hawan Nassarawa, har UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, ni ma ina alfahari da hakan. Sai dai dokin Sarki bai san sunan ɗanka ba. Inna ta sani, sunan mijinta ne aka sa masa, shi ya sa ba ta iya furta shi, sai ta ce "maigidana". Rabonta da maigidan nata tun yana tatata, yanzu an ce har an sa shi a makaranta.

Abin da masu cewa "na turo" suka manta shi ne, shekarar gidan nan a ɗinke take, wannan biki yana riƙe da wancan. Ragon da muka yanka ba a jajibere aka sayo shi ba. Tun bayan kaka na je Maigatari wata Alhamis na kamo shi yana ɗan ƙarami, yadda marigayi Baba yake yi, Inna ta yi wata da watanni tana ɗawainiya da shi da harawa da dusa da ƙasari. Ranar Sallah aka yanka, aka feɗe, aka soya kayan ciki, aka rataye sauran ya kwana yana shan iska. Washegari aka kasa: na dangi, na maƙwabta, na mabuƙata, na gida. Yaran da ake aika da nama a ƙananan kwanuka, da haka suke sanin gidan Gwaggo da gidan Kawu, da haka suke sanin tsohuwar nan ta bayan masallaci da ba ta da kowa. Ni da kai da haka muka san garin nan, ƙofa ƙofa, kwano a ka, muna dawowa da tukuici a aljihu.

Jelar ragon kuwa an cire ta, an shafa mata gishiri, tana nan a rataye a ɗakin Inna tana jiran watan Cika-ciki. Daga 10 ga Zulhijja zuwa 10 ga Muharram, wata guda ke nan. A daren ne za a sauke ta a dafa, a tuƙa tuwo tukunya guda, kowa ya ci har ya ture, almajirin da ya yi bara a ƙofa ma sai ya ƙoshi. Ka tuna shekarar da ka ci har ka kasa tashi daga tabarma, Baba ya yi ta dariya har rawaninsa ya kwance? A watan ne kuma taubasai suke bin juna kuɗin shara. 'Ya'yan Kawu duk shekara sai sun tambaye ni kai, suna cewa bashin shararsu ya taru a wuyanka. Ɗanka ko kalmar taubashi bai taɓa ji ba. Wannan ta wace lambar asusu za ka turo masa?

Kada kuma wani ya shigo mini da gardamar bidi'a, ba ita ta tayar da ni ba. Wanda yake ganin cika-ciki ba shi da asali, ya azumci Tasu'a da Ashura, ya zo ya sha ruwa a gaban uwarsa. Wanda ba ya son zuwa Sallar Gani a Gumel cikin Rabi'ul Awwal, ba wanda zai ɗaure shi ya kai shi, ko da yake mu tun muna yara ake kai mu kallon dawakin Lautai, wato Gumel ɗin, mu dawo da rake da alewa, ƙura har cikin ido. A gidan nan akwai ɗan Izala, akwai ɗan ɗariƙa, kuma akushi ɗaya suke sa wa hannu. To Sallah biyun nan fa, wane malami ne ya yi saɓani a kansu? Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai son a buɗa masa arziki a ja masa kwana ya sada zumuncinsa, kai da ka fi ni karatu ai ka san shi.

Azumi kuwa ban ma san ta inda zan fara ba. Tun watan azumin tsofaffi Inna take fara tanadin gero da tsamiya da wake saboda kunu da ƙosai. Goma ga wata yara su fito tashe, kuma a unguwarmu kai ne kake zama tsoho, da gemun auduga da sandar Baba, kana tari kana rawar ƙafa, mata suna ba ku hatsi a ƙwarya. Ana gab da Sallah a yi watanda, a haɗa kuɗi a sayi sa a kasa. Kuma har yau idan aka zo awon zakkar kono, mudu huɗu na Annabi ga kowane kai, sai Inna ta ƙirga da kai da matarka da 'ya'yanka. Na sha gaya mata kun fitar da taku a can. Sai ta ce in dai auna, ai ɗan gidan nan ne.

Wallahi ba don in tozarta ka na rubuta wannan ba. Na san zaman birni ba sauƙi, ga haya, ga kuɗin makaranta, ga cefane kullum. Abin da kake turowa yana amfani, da shi muka sayi taki bara, da shi aka tayar da katangar da ruwa ya zubar. Allah ya ƙara buɗi. Amma Inna ta haura saba'in, bana a zaune ta yi sallar idi. Sallah nawa kake jin ta rage mata? Ranar da za a kira ka a ce ka taho, ranar kuɗin mota za su samu, hutu zai samu, yara ma za su jure zafi. Na ga haka a gidaje da yawa a garin nan: motoci jere a ƙofar gida ranar sadakar uku, a gidan da tsohuwa ta shekara biyar tana leƙen hanya. Kuma ba kai kaɗai nake nufi ba, har da waɗanda suka mara maka baya a zauren jiya, su ma sun san rabonsu da gida. Cika-ciki saura mako uku. Jela tana rataye, langarka tana cikin jere.

Wani abin da ya ƙara ɓata mini rai ranar Sallar nan, tsamiyar da take gefen filin idi, wadda dattawa suke shimfiɗa darduma a inuwarta tun kafin a haife mu, an sare ta. Kututture kawai muka tarar. An ce masu gawayi ne suka saya. Wa ya sayar musu? Haka tsofaffi suka zauna a rana suna zufa har liman ya gama huɗuba. Na yi wa Mai Unguwa magana, ya ce zai kai wa Dagaci. Ni dai na sa an tayar mini da dashen darbejiya guda goma, da ruwa ya zauna za mu dasa, amma sai an kewaye su da ƙaya, in ba haka ba awaki ba za su bar ko ɗaya ba. Duk mai amalanken da zai taimaka da ɗauko ƙayar, ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar.