Wa zai wanke tagullar bayan an kwashe baje koli?

Duk shekara, da zarar an jera ayyukan Frieze Sculpture, baje kolin sassaƙa a fili, a lambun Regent's Park da ke Landan, sai a ɗauko waƙa guda: wai an fito da fasaha daga ɗakunan masu hannu da shuni an kawo wa talaka kyauta. Tun 2017 ake maimaita wannan yabo. Gaskiya ne ba a biyan ko kwabo kafin a shiga a kalla. Sai dai dillalan kayan fasaha ne ke kawo ayyukan, da yawansu kuma na sayarwa ne, sannan lokacin ya zo daidai da babbar kasuwar kayan fasaha ta Frieze ta watan Oktoba, wadda ake ci a cikin tanti a wannan lambun, kuma sai da tikiti ake shiga. Bayan 'yan makonni motocin ɗaga kaya su dawo su kwashe komai. Kanti ne aka buɗe a kan ciyawar jama'a. Ba laifi ba ne a yi ciniki, amma a daina kiransa sadaka.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne yadda wannan ƙyale-ƙyalen ke rufe tambayar da ta fi muhimmanci: ina makomar ayyukan da jama'a suka mallaka da gaske, waɗanda ba mai zuwa ya kwashe su a ƙarshen kaka?

Landan ce ta fi kowa sanin amsar, domin ita ta yi fice da wannan al'ada. A 1948 hukumar birnin ta shirya baje kolin sassaƙa a fili a Battersea Park, kuma har yau aikin mai sassaƙa Henry Moore na mata uku a tsaye yana nan a lambun. A 1962 hukumar ta sayi wata tagullar Moore, mace a zaune da ake wa laƙabi da Old Flo, a kan fam 7,400, aka ajiye ta a rukunin gidajen talakawa a Stepney. A 1997 aka kai ta aro Yorkshire. A 2012 magajin garin Tower Hamlets, gundumar Landan da Stepney ke cikinta, Lutfur Rahman, ya yanke shawarar sayar da ita don cike giɓin kasafi. Cinikin bai yiwu ba, amma da ta dawo Landan a 2017, a Canary Wharf aka girke ta, tsakiyar bankuna, inda ake da masu gadi. Abin da aka saya domin talaka ya koma hannun waɗanda ke iya tsare shi.

Tsaron kuwa ba wasa ba ne. A Disambar 2005 ɓarayi suka shiga harabar gidauniyar Moore a Perry Green da mota mai ƙugiyar ɗaga kaya, suka ɗauke tagulla mai nauyin tan biyu da aka kimanta fam miliyan 3. Daga baya 'yan sanda suka ce sun yi imanin narkar da ita aka yi a kan abin da bai wuce fam 1,500 ba. A Disambar 2011 aka yanke aikin tagulla na mai sassaƙa Barbara Hepworth daga gindinsa a Dulwich Park, inda yake tun 1970, ba a sake ganinsa ba. Da aka tashi maye gurbinsa a 2015, aikin Conrad Shawcross na zubin baƙin ƙarfe aka girke, wanda bai da daraja a wurin masu awon kilo. Wato ɓarawo ne ya zaɓa wa lambun irin ƙarfen da zai yi ado da shi.

Ko ba ɓarawo, sararin Allah kansa yana cin aiki. Tagulla ba curi ba ce, ɓawo ne mai kaurin 'yan milimita, cikinsa rami. Ruwa na shiga ta wurin walda ko tsaga, idan babu ƙananan hudoji a ƙasa da zai tsiyaye, sai ya kwanta a ciki. In da baƙin ƙarfe aka yi ƙashin da ke riƙe da ita, haɗuwar ƙarfe biyu mabambanta a cikin laima na sa baƙin ya ci da sauri, shi ya sa masu gyara ke canza shi da ƙarfen da ba ya tsatsa. Ta waje kuma, aƙalla sau ɗaya a shekara, gara ma sau biyu, sai an wanke ta da ruwa da sabulu marar ƙarfi da buroshi mai laushi, a bari ta bushe sarai, a ɗumama fatar da wutar gas, a shafa kaki ya shige, a goge bayan ya huce. In aka tsallake shekara uku ko huɗu, kashin tsuntsaye da ruwan sama za su zana mata layukan kore da baƙi, kuma maido da launin asali aikin ƙwararre ne mai tsada. Mafi muni shi ne ma'aikacin da aka turo da buroshin waya ko fenti don ya "gyara", domin a yini ɗaya zai kankare abin da mai sassaƙar ya yi makonni yana haɗawa.

Ƙarfen corten, wanda ake yabo da cewa tsatsarsa ce rigarsa, yana kare kansa ne kawai in yana jiƙa yana bushewa. Inda ruwa ya kwanta, ko inda ya nutse cikin ƙasa mai damshi, hudewa yake yi kamar kowane ƙarfe, ruwan tsatsarsa kuma ya ɓata daɓen da ke ƙarƙashi. Aikin siminti a kan rodi ya fi kowanne rauni: ruwa ya bi tsaga ya kai ga rodin, tsatsa ta kumbura ta ninka girman ƙarfen, ta fasa simintin daga ciki. Liƙe tsagar da sabon siminti ba tare da an tono rodin an kankare shi ba, kitso ne da ƙwarƙwata.

Masu cewa ai baje kolin wucin gadi ya kuɓuta daga duk wannan, shi ya sa ya fi, sun manta cewa shi ma yana da nasa haɗarin. Ba a yarda a haƙa harsashi a lambu don aikin 'yan makonni, saboda haka akan ɗaure shi ne a kan faranti na ƙarfe ko tubalin kankare, nauyi kawai ke riƙe da shi. Iska mai gudun mita 30 a daƙiƙa tana tura kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya haura kilo 50. Allo mai tsawon mita uku da faɗin biyu zai sha turin fiye da kilo 300, kuma in gudun iskar ya ninka biyu, turin ninkawa huɗu yake yi. A Yulin 2006, a wani lambu a garin Chester-le-Street na Ingila, aikin Maurice Agis mai suna Dreamspace, wanda ake hura wa iska mutane su shiga ciki, ya tsinke daga igiyoyinsa ya tashi sama. Mata biyu suka mutu. Kotu ta ci tarar mai aikin da ƙaramar hukumar. Su ma itatuwa suna biyan nasu kason. Yawancin saiwoyi suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, ƙa'idar Birtaniya kuma ita ce a kare da'irar da ta kai ninki 12 na kaurin gindin itacen, wato mita shida daga gindin ta kowane ɓangare ga itace mai kaurin rabin mita. Motar ɗaga kaya ta taka wurin ba tare da an shimfiɗa faifai ba, ƙasa ta danne, sai bayan shekaru a ga rassa suna bushewa, lokacin da dillalin ya daɗe da sayar da kayansa.

Su kuwa masu cewa duk abin da aka sassaƙa gunki ne, tasu muhawarar ta malamai ce, kuma aikin Hepworth da aka sace da'ira ce da aka raba biyu, ba kai ba fuska.

Duk wanda ke sha'awar a kwaikwayi Landan a Millennium Park na Abuja ko wani lambu a Kaduna, ya fara duba gida. Ayyukan siminti na kurmin Osun a Osogbo, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, sai da aka yi shekaru ana gyaransu saboda irin wannan lalacewar. Lambun sassaƙa na sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru cike yake da ayyukan siminti da ke shan damina da hunturu. A farkon 2025 satar murafen kwalbati a titunan Abuja ta kai har aka rufe kasuwannin panteka na wani lokaci. Garin da ya kasa tsare murfin kwalbati daga 'yan jari bola, da wane ido zai girke tan biyu na tagulla a fili?

Abin yi ba boyayye ba ne. Kada a karɓi aiki, ko kyauta aka bayar, sai da kuɗin kula da shi na shekaru da sa hannun injiniya a kan gindinsa. Dillalan da ke cin moriyar ciyawar Regent's Park kuma a ɗora musu wani kaso, a kashe shi a kan tsofaffin ayyukan da ke tsaye a Battersea da Dulwich da sauran lambunan da 'yan jarida ba sa zuwa ɗaukar hoto.