Kifin Ba Ya Inda Ido Ke Ganinsa

Yana damuna yadda ake gaya wa masu fara harbin kifi da baka cikin dare cewa su saita kibiya daidai jikin kifin, tunda fitilun kwalekwale sun haska ruwan tas. Ga wanda ya saba harbi a tudu, maganar tana da ma'ana.

Amma haske yakan karkata idan ya fito daga ruwa ya shiga iska, sai kifin ya bayyana sama da inda yake. Tsoma cokali a kofin ruwa, za ka gan shi kamar ya karye. Shi ya sa maharban kifi a kogin Misisipi na Amurka ke saita kibiya ƙasa da kifin, kuma iya zurfinsa, iya saukar da ita. Hasken fitila, komai ƙarfinsa, ba ya gyara wannan karkatar.