Allon da ke bakin fili

Washegarin ƙaramar sallah yayata ta aiko mini hoto a WhatsApp. Ƴaƴanta uku ne cikin sababbin kaya, sun bi layi a ƙofar Mize, gidan tarihi da namun daji na Yamai, rana ta take, ƴar autar ta cire takalminta ta riƙe a hannu don ya ci mata ƙafa. A ƙasan hoton ta rubuta: "Ga ƴaƴanka nan, tun hantsi ba su samu shiga ba."

Na daɗe ina kallon hoton, don layin nan na san shi. Ni ɗan Bukoki ne, nan bayan kasuwar Katako, kuma da goron sallarmu a aljihu muke takawa har can mu ga zaki da dorina da ƙasusuwan dabbobin zamanin da, mu tsaya gaban busasshen icen Tenere da mai babbar mota ya kaɓe a 1973. An kafa gidan tarihin, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama, a 1959, lokacin da mutanen Yamai ba su wuce ƴan dubbai goma-goma ba. Ƙidayar 2012 ta nuna garin ya haura miliyan ɗaya, kuma tun daga nan bai daina faɗi ba. Akwai ƴan wuraren lilo na masu zaman kansu nan da can, ban musa ba. Amma ɗan talaka idan sallah ta zo, har gobe ƙofa guda ce ya sani.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a wani ƙaramin gari na Seine-et-Marne, gabas da Paris, ina aikin gyaran wutar lantarki. Idan iska ta kaɗo da dare muna jiyo tartsatsin wutar da Disneyland ke harbawa sama kafin su rufe. Duk wanda ya zo mini baƙunci daga gida sai na kai shi, kuma a hanyar dawowa maganar ba ta sauyawa: su Turawa ba a takura wa mai kuɗi, shi ya sa suke da irin waɗannan wurare. Nakan yi dariya kawai. Ban taɓa zama ƙasar da aza bulo ɗaya kan ɗaya ke da wuya kamar wannan ba.

A kaina aka fara koya mini. Na so in yi ɗan ɗaki a bayan gida in riƙa ajiye kayan aiki, abin da a Bukoki za ka kira magini da safe, kafin la'asar an ɗora kwano. Nan sai da na cika takardu, na zana, na kai ma'aikatar magajin gari, na jira wata guda. Amsa ta zo: ba a yarda ba. Wai na matsa wa katangar maƙwabci, kuma launin rufin bai dace da na unguwa ba. Launin rufi fa! Ranar na kira matata na ce mata mutanen nan ba su da aikin yi. Kowane gari yana da kundinsa da suke kira PLU, wanda ya faɗi inda za a gina gida, inda za a bar wa noma, inda ba a taɓa itace, da iyakar tsawon da gini zai kai. Na gyara zanen, aka yarda, sannan aka ce in kafa allo a bakin titi mai ɗauke da sunana da girman ginin da lambar takardar izini. Daga ranar da allon ya tsaya, maƙwabcin da abin ya shafa yana da wata biyu ya kai ƙara.

Akwai wata tsohuwa a layinmu, ta haura saba'in, tana yawo da ƙaramin kare. Na leƙo ta taga na gan ta ta tsaya gaban allona, ta ciro tabarau, ta karanta shi tun daga sama har ƙasa kamar mai duba sakamakon jarrabawa. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wannan da a gida ne sai a ce mata sa-ido.

Ita ce dai, bayan shekara biyu, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da takarda a hannu. Wani ƙaramin wurin wasan yara da ke gefen garinmu, mai dawakai da ƴan lilo, yana son ya faɗaɗa: sabon filin ajiye motoci a kan gonar alkama, da wani dogon lilo da za a riƙa hangowa daga maƙabarta. An buɗe abin da suke kira binciken jin ra'ayin jama'a, wata guda cur. Na bi ta don kunya. A wani ɗaki na ma'aikatar magajin gari aka shimfiɗa taswira a kan tebur, ga wani dattijo da kotu ta naɗa yana zaune da babban littafi a gabansa, kowa ya zo ya rubuta abin da ke ransa ya sa hannu. Manomi ya rubuta a kan ruwan sama da zai gangaro daga kwalta ya kwanta masa a gona. Wata mai jego ta rubuta a kan motocin da za su bi ta gaban makarantar yara. Mai gidan burodi ya rubuta cewa shi yana so, don zai samu ciniki. Ni ma aka miƙo mini alƙalami, na tsaya ina juya shi, don tunda uwata ta haife ni ba a taɓa tambayata ra'ayina a kan filin da ba nawa ba. A ƙarshe an ba su izini, amma an rage filin motocin, an sa su haƙa tafkin tare ruwa, an mayar da dogon lilon can bayan itatuwa. An ɓata fiye da shekara. Mai wurin ya yi ta ƙorafi, kuma yana da gaskiyarsa.

Manya ma ba su tsira ba. A Ingila akwai Alton Towers, wanda aka hana shi yin abin da zai zarce tsawon itatuwan da ke kewaye da shi. Da suka tashi kafa jirgin wasansu mai suna Nemesis a 1994, tunda an hana su sama sai suka nufi ƙasa: suka fasa dutse, suka haƙa rami, suka zuba jirgin a ciki, yana wulwulawa da mutane dab da bangon dutse. Hanin da aka yi musu shi ya haifar da abin da ya fi yi musu suna. A nan Faransa kuma, kusa da filin jirgin sama na Roissy, kamfanin da ke da kantunan Auchan da wani kamfanin Sin mai suna Wanda sun so su gina EuropaCity a kan hekta 80 na gonakin Gonesse, da kantuna da wurin wasan ruwa har da dandalin ƙanƙara a cikin rufi, aikin kusan Yuro biliyan 3. Manoma da ƙungiyoyi suka yi ta ja da su shekara da shekaru, har gwamnati ta janye a Nuwamban 2019.

Kada wani ya ɗauka ina cewa kuɗi ba ya magana a nan. Yana yi, da babbar murya ma. Disneyland kanta ba ta bi layin da na bi ba: yarjejeniya ta sa wa hannu da gwamnatin Faransa a 1987, aka keɓe mata kusan hekta 2000 na gonaki, aka ja mata layin dogo har ƙofa, ta buɗe a Afrilun 1992. Manoman da aka tasa ba su yi guɗa ba. Sai dai ga abin da ya tsaya mini a rai. Da kamfanin ya sanar a 2018 cewa zai zuba Yuro biliyan 2 ya faɗaɗa, filin yana nan yana jiransa, shekara talatin da ɗoriya babu wanda ya yanka shi ya sayar da dare.

Mu ma mun taɓa keɓe fili mai girman haka, kuma namu ya fi nasu dalili. Tun 1965 aka fara dasa dajin dogon yaro da ya yi wa Yamai ɗamara, wanda ake kira Ceinture verte, sama da hekta 2000, don ya tare ƙura da iskar hunturu, ya ba gari inuwa. Muna yara mukan je can harbin tsuntsu da danƙo, mu dawo a sha mu da bulala. Duk ɗan Yamai ya san yadda aka yi da shi. Ba rana ɗaya aka cinye shi ba. Lotisma ce, wato yankan filaye don sayarwa, ta bi shi gefe-gefe, yau a dasa duwatsun iyaka, gobe a tayar da katanga, jibi ka ga an ja waya. Har lokaci ya zo da gwamnati ta riƙa biyan ma'aikata bashin albashinsu da filaye, kowa ya gane cewa ƙasar gari kuɗi ce da ake zarowa idan aljihu ya bushe. Da an tsare ko da kashi ɗaya cikin goma na dajin nan an ce na yara ne, da ƴar yayata ba ta tsaya a rana da takalmi a hannu ba.

A unguwarmu akwai wani fili da muke buga ƙwallo, wanda manya ke cewa a taswira an bar shi ne don makaranta ko wurin shan iska. A nan ake kafa rumfar biki, a nan ake tsire ragunan layya idan layi ya cika. Wata shekara na je hutu na tarar da katanga mai tsawon mutum biyu da ƙofar ƙarfe. Na tambayi kawuna wa ya saya. Ya ce, "Ɗana, mu ma da safe muka ga tifa tana zuba yashi." Babu wanda ya san ranar da aka sayar, babu wanda ya ga takarda, kuma da aka je wajen mai unguwa shi ma hannu ya buɗe. A lokacin ne na tuna da tsohuwar nan mai kare, na nemi gafararta a zuciyata.

Ba dokoki muka rasa ba. Takardar izinin gini tana nan a rubuce, taswirar gari tana nan. Matsalar ita ce dokarmu ba ta zuwa sai an gama gini, kuma idan ta zo da katafila take zuwa. Waɗanda suka ga yadda aka bi manyan titunan Yamai a 2016 ana rushe shaguna da rumfuna sun san kan wa ta fi sauka: mai shayi, mai gyaran waya, tela. Wani lokacin kuma kogi ne ke zartar da hukuncin da hukuma ta ƙi zartarwa. A Satumban 2020 ruwan kogin Isa ya kai kusan mita 7 a Yamai, ya fasa madatsar Lamorde, ya shiga gidajen Harobanda, dubban mutane suka kwana a makarantu. Da yawansu ba su zauna a hanyar ruwa don ganganci ba. Nan ne kawai kuɗinsu ya kai, kuma babu wanda ya tsayar da su ranar da suke haƙa tushe.

Na san abin da za a ce mini, don yayana ya riga ya faɗa: "Kai kana can cikin sanyi kana mana wa'azin itatuwa, mu muna nan haya na cin mu." Gaskiya ne. Garin da ke karɓar baƙi kullum daga Tilaberi da Doso da Tawa dole ya samu inda zai kwantar da su, kuma idan aka ɗauko tulin takardun Faransa aka jibga wa magidancin Talaje, an dai buɗe sabuwar ƙofar cin hanci ne. Ni kaina ba na fatan a riƙa tambayar mutum launin kwanonsa. Abin da nake kwaɗayi ƙarami ne, allon nan kawai. Duk filin da taswira ta ce na jama'a ne, kafin a taɓa shi a kafa allo a bakinsa, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, a faɗi wa ke so, me zai gina, a kuma ba unguwa wata biyu. A sanar a masallaci bayan sallar Juma'a, a faɗa a rediyo. Haƙƙin maƙwabci ba Bature ne ya koya mana shi ba, tun muna makarantar allo muke jin sa. Kuma mai kuɗin da ke son ya gina wa yaran Yamai babban wurin wasa, shi ne zai fi kowa cin moriya, don babu mai zuba dukiyarsa a filin da gobe wani zai fito da takarda ta biyu ya ce nasa ne.

Akwai kuma abin da mu mazauna waje ba mu cika son a taɓo ba. Wa ke sayen filayen nan? Ba mai shayin da aka rushe wa rumfa ba ne. Da yawa mu ne, masu aiko kuɗi daga Paris da Brussels da New York, muna cewa a nema mana parsel mai sauƙi, ba ma tambayar abin da ke wurin kafin a yanka. A nan muna bin layi mu kafa allo, mu jira wata biyu kamar mutanen kirki, a can kuma mu aika a zagaye mana fili cikin mako guda kafin wani ya farga.

Watan jiya yayana ya kira ni da murna. Ya ce an samu wani fili ta wajen gabas, mita 400, farashin ya faɗi ƙasa don mai shi yana cikin matsi, takardu kuma za su fito daga baya. Ya aiko hoto. Ga duwatsun iyaka huɗu an shafa musu jan fenti, a tsakiya kuma kututturen dogon yaro guda uku, sabon sara, ganyen bai ma gama bushewa ba. Na ce, "Yaya, wannan ba cikin daji ba ne?" Ya ce, "Wane daji? Kowa ya gina, kai kaɗai ka rage. In ba ka so, akwai wani ɗan Beljiyam da ke jira."

Na ce ya ba ni kwana biyu in yi shawara da iyali. Yau kwana ashirin da uku, ya kira sau huɗu, kuma kuɗin suna nan a asusuna.